Ruwan Ranar Talata

"Baiwar Allah," in ji tsohon lauyan da alƙali ya wakilta ya saurari rigimar ruwan noman kwarin, "a nan jihar Kolorado, wanda ya shekara goma bai shayar da gonarsa ba, ana ɗauka ya yafe ruwansa. Kuma akwai shaida."

Ta waiwaya. Maƙwabcinta ne ya miƙe, riƙe da littafi. Tun rasuwar mijinta, shekara goma ke nan, take sakar masa rabonta na ruwan noma na ranar Talata, don kada itatuwan tuffarsa su mutu. Ashe duk Talatar duniya rubutawa yake.

"To yanzu ruwan ya zama na wa?" ta tambayi maƙwabcin.

Ya miƙa wa lauyan littafin, bai dube ta ba.

Tuffar da ya kawo mata jiya tana nan cikin jakarta.