Ragowar Man Gashin Farida

Ranar Alhamis bayan la'asar Abdussalam ya shiga zauren surukansa a Hunkuyi. Ya zo neman auren Badi'a, ƙanwar matarsa Farida da ta rasu bara.

Tana zama, warin man miƙar da gashi ya cika zauren. Gaisuwar ta maƙale masa.

"Wane mai kika sa?" ya tambaya a hankali.

"Ragowar na Yaya ne. Ni nake shafa mata, ina duba agogo kada ya ƙone ta."

Ya rufe ido, ya ja numfashi, ya daɗe bai buɗe ba.

Badi'a ta gyara mayafinta, ta miƙe. "Da gangan na shafa, Yaya Abdussalam. Na ga wadda ka zo nema. Ka gaida gida."