Yatsan Malam Ɗahiru

Ba a gama yi wa mijina, Malam Ɗahiru, wankan gawa ba Mai Unguwa ya yi sallama, riƙe da na'urar dangwala yatsa da fulas ɗin ruwan zafi.

Doka ta ce duk manhajar kwamfutar da mai kula da ita bai dangwala mata yatsa ran Juma'a ba, ta tsaya cik. Shekara goma sha tara Malam Ɗahiru shi kaɗai ke gyara wadda ke sarrafa famfunan garin nan, kyauta. Sau nawa ya roƙi a turo wanda zai koya wa? Ko mutum ɗaya bai leƙo ba.

Mai Unguwa ya sunkuyar da kai. "Hajiya, Allah ya jiƙan Malam. Yau Juma'a ce. In bai dangwala kafin azahar ba, ruwa zai ɗauke."

Na ce, "Fulas ɗin fa?"

"Na'urar ba ta karɓar yatsa mai sanyi."

Na miƙe na tare ƙofar ɗakin da gawar take.

"Yana raye ba ku san hanyar gidan nan ba. Koma da fulas ɗinka ku lallaɓa abin da ke ciki. Ruwan da ya rage muku ke nan."