Cefanen Si Munji

Shekara talatin Si Munji yana cefane a shagon Amm Salah, bai taɓa sa hannu ya ɗebi ko ƙwayar shinkafa da kansa ba. Ka tsaya a bakin kanta, ka gaisa, ka tambayi ciwon gwiwar mai shago, ka faɗi abin da kake so, ya auna ya ƙunshe maka. A ganinsa haka mutanen kirki suke sayayya a garinsu, Safakis.

Ranar Laraba da azahar matarsa Wasila ta miƙa masa kwando.

"Najiba da mijinta a nan za su ci abinci da yamma. Wancan zuwan sai da ta shinshina man zaitun ɗinmu, wai har yanzu a tsohuwar kwalba muke awo. Ka je sabon kantin nan na ɗauki-da-kanka."

"Inda mutum zai riƙa ɗibar kaya kamar ɓarawo?"

"Ɓarawon da ke biya a ƙofa. Bayan gidan waya aka ce yake, ƙofa shuɗiya. Don Allah yau ɗaya ka fitar da ni kunya."

Najiba ƙanwarta ce, mijinta kuma Si Lamjad alƙali, wanda ba ya kiran Si Munji da komai sai "mutanen da". Wannan sunan ne ya sa shi karɓar kwandon. Tabarau ya bar shi a gida, don a wurinsa tsofaffi ke sa shi.

Ƙofofi uku ya tarar a bayan gidan waya, duka shuɗaye. Ta tsakiya a buɗe take, da rubutun Faransanci a samanta. Si Munji bai san Faransanci ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Ya waiga ko wani masanin Amm Salah na kallonsa, ya faɗa ciki.

Wanzaminsa, da ya taɓa ganin irin kantin a Tunis, ya riga ya siffanta masa shi: ba ado, ba mai yi maka sannu, kaya a kwali, farashi a jikinsu, shi ya sa ake samun rahusa. Haka kuwa ya gani. Kantoci na ƙarfe har rufi, kowane abu da 'yar takarda ɗaure da zare. A bakin ƙofa wani mai hular ɗamara ya kifa kai a tebur yana minshari.

Da farko a tsorace ya matsa kusa da kayan. Ya taɓa gwangwanin man zaitun, ya janye, ya saurara. Ba wanda ya ce uffan. Ya kawo takardar dab da hancinsa: bakwai. Milim bakwai, kuɗin da ko ashana ba zai saya a wurin Amm Salah ba.

Nan tsoro ya gudu. Ya ɗauki man, ya haɗa da buhun kofi a sha ɗaya, ƙullin almond mai kama da gyaɗa a tara, da tulun zuma mai jan kakin liƙi a baki a huɗu kacal. Tsarin kantin ne dai bai gane ba. Ga gatari kusa da sukari, ga takalmi ƙafa ɗaya, ga haƙoran roba a cikin kofi. Ya ce a ransa zamani ke nan, kowa da abin da ya kawo shi.

A ƙofa ya yi gyaran murya sau biyu, mai hula bai motsa ba. Ya tuna ba a surutu a irin wannan wuri. Ya zube milim talatin da ɗaya a gefen hular, ya ƙara biyar don tausayi, ya fita yana jin kansa ɗan birni.

Da yamma kuskus ya sauka da kifi. Si Lamjad ya ci ya ƙara, yana ba su labarin shari'ar da garin ke magana a kai, ta matar mai gidan burodi da mijinta ya mutu bayan karin kumallo.

"Gobe zan gama da ita. Likita na zuwa daga Tunis ya yi gwaji, shi ke nan."

Aka kawo kofi da almond. Wasila ta ɓalle kakin tulun ta ajiye shi a tsakiya, ta juya takardar yadda ƙanwarta za ta gani. Alƙali ya dangwala burodi. Ya sake. Daga bisani ya ture burodin ya koma cokali.

"Yaya Munji, wannan zumar daga ina?"

Si Munji ya gyara zama. Shekaru yake jiran irin wannan tambayar.

"Kantin ɗauki-da-kanka, ranka ya daɗe. Mu mutanen da ma muna ɗan leƙawa. Ka shiga, ka ɗiba, ba ciniki, ba gaisuwa. Milim huɗu."

Najiba ta ajiye kofinta.

"Wane kantin? Ai sai Asabar za a buɗe shi. Har katin gayyata aka aiko mana."

"Na bayan gidan waya. Ƙofar tsakiya."

Cokalin ya tsaya a bakin Si Lamjad. A hankali ya jawo tulun, wanda ya kusa kaiwa rabi, ya sa tabarau, ya kama 'yar takardar. Ya daɗe yana duban hatimin da ke bayanta, da sa hannun da ke ƙasa, wanda nasa ne.

"Ƙofar tsakiya ɗakin ajiyar kotu ne, Yaya Munji," ya ce da wata siririyar murya. "Wannan kuma shaida ta huɗu ce, zumar da ake zargin matar ta sa wa mijinta guba a ciki."