Mai Tabarau da Waken Suya

Ranar Litinin da hantsi Mai Tabarau yana tsaye a layin ƙarshe na kanti, ya ɗaga wata 'yar kwalba sama yana karanta rubutun bayanta. Ya bi jerin kayan haɗin da ɗan yatsa, ya mayar da ita. Ya ɗauki ta kusa da ita. Sai a ta biyar ya sami abin da yake nema.

"Baba, kai fa ko ruwa sai ka karanta shi kafin ka sha," in ji mai kanti tana dariya.

Ya yi murmushi. Shekara talatin ya yi a maɗaba'a yana farautar kurakurai a ƙananan baƙaƙe. Ko ɗigo ne ya ɓata a shafi, sai ya gano shi. Yanzu da ya yi ritaya, bayan gwangwani da kwali su ne littattafansa.

Yana da dalili. Jikinsa ba ya shiri da waken suya. Abincin da mutane ke ci su ƙara lafiya, shi guba ne a wurinsa. Leɓe ya kumbura, fata ta yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Ga shi waken ba ya zama wuri ɗaya. Yana cikin burodi, yana cikin biskit, yana cikin madarar kwalba.

Duk da wannan taka-tsantsan, sau huɗu cikin wata uku ya shafe rabin yini a ƙaramin asibitin unguwa.

Gidansa ɗaki biyu ne a bene na uku. Kofi ɗaya, faranti ɗaya, kujeru uku da ba mai zama a biyunsu. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. A ranar, cikin zafin rai, ya faɗa wa 'yarsu wata magana a kan jinyar uwarta, maganar da ba ta gogewa. Tun daga nan kiransa ba ya shiga wayarta. Kaɗaici ya ci shi sosai, har yakan kunna rediyo don kawai ya ji muryar mutum a ɗakin.

A zuwansa na huɗu likita ya ajiye biro ya dube shi.

"Baba, kowane zuwa ya fi na baya muni. Yau maƙogwaronka saura kaɗan ya toshe. Allah ya taimake ka abin ya taso maka a kusa da mu. Nan gaba ba lallai allura ta riske ka ba. Me ka ci?"

"Wallahi likita, tsufa ne. Ido ya fara gajiya."

Nas ɗin da ke aikin safe ranar Talata ce ta yi masa allura, kamar sauran lokutan. Mace ce mai ɗaure fuska tamau. Kowa a asibitin Baba yake ce masa, ita kuwa sai dai "bawan Allah, miƙo hannu." Ba ta ɓata lokaci wajen tambayar shekarunsa, cike katin kawai take yi. Ba ta neman jijiya a hannun dama, kai tsaye hagu take kamawa. Kafin allurar ta shiga takan juya masa fuska bango da tafin hannunta, don tsohon yana tsoron allura kamar ƙaramin yaro.

Minti goma take yi a kansa, wani lokaci sha biyu. Sannan ta ja labule ta wuce gado na gaba.

Ran nan kafin ya tafi ta ajiye masa takarda a gefen gado, ba ta ko kalle shi ba. Jerin abincin da zai guje wa ne, layi ashirin da ɗaya. Ya karanta a motar haya, ya gano kuskuren rubutu guda biyu, ya gyara su da fensir. Da ya isa gida ya manna ta a ƙofar firiji.

Mako uku shiru kake ji. Ya ci shinkafarsa, ya sha shayinsa baƙi, ya wanke kofinsa. Ya gwada lambar 'yarsa sau biyu, ba ta shiga ba.

Washegarin zuwansa kanti, ranar Talata, ya tashi da wuri. Ya goge farar rigarsa, ya aske gemu, ya share tabarau da gefen hannun riga. Maganar likita tana yi masa yawo a kai har ya sauka benen. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, amma bai koma ba.

Ƙarfe tara yana zaune a bencin da ke bakin ƙofar asibiti. Leɓensa lafiya lau, numfashinsa daidai. Hannunsa na dama yana cikin aljihu a dunƙule.

Ƙofa ta buɗe. Nas ɗin ta fito da littafin masu zuwa a hammata, ta tsaya a kansa. Idanunta sun yi ja.

"Na duba ranakun zuwanka," ta ce. "Duk Talata ne, ranar aikina."

Ta sunkuya, ta zura hannu a aljihunsa, ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta zaro kwalbar madarar waken suya da ba a kai ga buɗewa ba.

"Ya isa haka, Baba. Ba sai ka sha wannan ba kafin ka ga 'yarka."