Ƙusar Tayar Gaba

Baffa na riƙe da hantsaki, ya ƙi yarda 'yar wansa ta taimaka masa. Ya manna lamba tara a jikin 'yar motar, ya turo mata ita kan tebur.

Wata takwas ya yi yana ƙera ta. Ba ta wuce tafin hannu ba, amma komai na motar tseren babanta yana nan: jan fentin, sitiyarin katako, har yagar kujera. A cikin babbar motar uban nata ya yi hatsari ya rasu, shekara arba'in ke nan, ita tana goye. Baffa, ƙanensa, shi ne bakanikensa, kuma shi ya rene ta.

Ita ta roƙe shi: "Yadda take ranar tseren ƙarshe nake so, kada ka gyara komai."

Ta ɗauki madubin ƙara girma tana bin tayoyin. Kowace da notinta a tsakiya, da 'yar ƙusar da ke hana shi kwancewa. Ɗaya, biyu, uku. Ta gaban dama rami ne kawai.

Ta yi dariya. "Yau dai na kama ka, Baffa! Tsufa ya zo. Ka manta ƙusa ɗaya."

Baffa ko murmushi bai yi ba. Ya jawo aljihun tebur, ya kwance wani ƙullin tsumma, ya ajiye ƙusa a gabanta. Babba ce, ta motar gaske, duk ta yi tsatsa.

"Wannan karon ban manta ba, 'yata," ya ce. "A aljihun rigar aikina na tsince ta, da muka dawo daga binne babanki."