Harshen Likita

"Ba taifod ba ne, Baba," in ji ma'aikaciyar ɗakin gwajin, tana turo masa takardar ta ƙasan gilashi. "Taifus ne. Ƙumar jikin ɓera ke kawo shi."

Ya taɓa jin kalmar. Makonni biyu da suka wuce, da matarsa ta fara rawar ɗari, wani likita a unguwar Lugbe ya ambace ta, ya ce a je a gwada jini. Shi kuwa ya yi murmushi a ransa. Hausar likitan ta koyo ce, mace ma "shi" yake ce mata, don haka ya ɗauka taifod likitan ke nufi, harshensa ne ya karkace. Wa bai san taifod ba? Ya biya kemis ya sayo maganin da kowa ke sha.

Ta shanye shi tas, tana kwance a bayan shagonsa na hatsi, inda ɓeraye ke kai-komo tsakanin buhuna. Sai da ta daina gane shi sannan aka ɗebi jinin.

"Ka kai wa likita yanzu," ma'aikaciyar ta ci gaba. "Maganinsa ƙwaya ce 'yar ƙarama, kwana biyu zazzaɓin ya sauka. Yaya jikin nata?"

Ya dubi takalmansa. Jar ƙasar maƙabarta ta jiya ba ta gama bushewa a kansu ba.

Ya ninke takardar a hankali, ya sa a aljihu.

"Da sauƙi," ya ce.