Dela ta yi ajiyar ƙafafu

Zanzaro ya yi gini a cikin takalmin Dela. Daga kan tabarmarta ta hango shi a bakin ƙofa, ɗan curin laka manne da maɗaurin roba. Ta ce a ranta gobe za ta sa a kakkaɓe, sai kuma ta tuna ba inda za ta je da shi.

Dela ta haura sittin, a Tamaske take zaune tare da surukarta Aziza. Ciwon gwiwa ya fi shekara goma yana tare da ita, amma bai taɓa hana ta zuwa ƴar gonarta ta kuɓewa ba. Wata rana tana gangarowa daga tudu cikin duwatsu, gwiwar ta soke ta har ta durƙusa. Tun daga ranar tsoro ya shige ta.

A makon ne aka aiko mata cewa autarta Mardiyya tana da cikin fari. Kowa ya san uwa kunyar ɗan fari take yi, kaka ce ke goya shi. Dela ta ciro majanyin saƙi da ta goya ƴaƴanta bakwai da shi, ta sa aka wanke, ta tura ƙarƙashin matashinta. Sannan ta yanke shawara: abin da ya rage mata na ƙafa, ajiye shi za ta yi kamar hatsi a rumbu, sai ranar suna ta buɗe.

Ɗanta Abdoulkadir, wanda ke bida, wato neman kuɗi, a Abijan, ya turo murya ta waya: "Aziza, ko buta kar ki bari Inna ta ɗauka. Ta wahala da mu, yanzu hutu ya kamace ta."

Aziza kuwa mai biyayya ce. Fura a gaban tabarma, ruwan alwala a gaban tabarma. Salla ma Dela ta koma yi a zaune.

Majo, wato babban ma'aikacin gidan likita na garin, ya ba ta magani ya ce: "Iya, ki riƙa zagaya gida sahe da marece, ko da sanda. In kin zauna, ƙahwa mutuwa take."

Da ya fita Dela ta taɓe baki. "Yaro na. Gwiwatai sabuwa ta, mi ya sani?"

Zinariya ce kaɗai ba ta raga mata. Tare suka yi ƴanmatanci, ita ma gwiwa ta cinye ta, amma kullum tana bisa hanya da sandarta ta geza, tana tafiya tana nishi.

"Ke tsohuwar banza, ƙwai kike kwanci? Tashi mu tai kasuwa."

"Tahi ki ƙarar da taki ƙahwa. Ni tawa ajiya nika yi ma mijina da ke tahe."

"Wallahi in ya zo ni za ya zaɓa. Wa ka son mata gurguwa?"

Suka yi dariya. Zinariya ta wuce, Dela ta gyara kwanciya.

Wata bakwai aka yi haka. Mardiyya ta zo goyon ciki, ta haifi namiji. Ranar suna da hantsi gida ya cika da mata, aka raɗa wa yaro Hafizu. Wata ta rangaɗa guɗa ta ce: "Ina amarya? Ta taso ta goya angonta!"

Dela ta ciro majanyi. Ta dafa ƙasa ta yunƙura, ba ta tashi ba. Ta sake yunƙurawa. Aziza ta miƙo hannu, Dela ta ture shi, don mata suna kallo. A na uku ta kama bango ta miƙe rabi, sai ƙafafun suka hau rawa kamar ba nata ba. Ta faɗi ta gefe a kan dutsen niƙa. Guɗar ta tsaya.

A asibitin Tawa aka ce ƙashin ƙugu ya karye. Likita ya ɗaga zanenta kaɗan, Dela ta ga ƙwaurinta ya zama kamar karan dawa.

"Gwiwar ba ta ƙara lalacewa ba," in ji shi ga Aziza. "Naman ƙafar ne ya narke, ƙashi ya yi rauni. Wata nawa rabonta da tafiya?"

Aziza ta sunkuyar da kai.

Aka dawo da Dela gida a kwance. Kafin ta iya juyawa da kanta, Mardiyya ta yi arba'in, lokacin komawa ɗakin miji ya zo.

Ranar tafiyar, Dela ta ji ƙwanƙwasar sanda a tsakar gida. Zinariya ta shigo da Hafizu a bayanta, ɗaure da majanyin saƙin Dela, za ta raka mai jego tasha. Ta juya baya ta ɗan rusuna don Dela ta ga fuskar yaron. Dela ta shafa kansa, tana jiran tsiyar da aka saba yi mata.

Zinariya ta dubi ƙafafun da ke ƙarƙashin zane. Ta jingina sandarta a bango, daidai inda hannun Dela zai kai. Ta dafa ƙyaure, ta fita a hankali tana ɗingishi.

Jama'a, ƙafa ba ta ajiyuwa. Wadda aka daina takawa ita ke fara tafiya ta bar mai ita. Idan tsohuwarku na fama da ciwon jiki, ku kai ta a duba ta, sannan ku riƙe hannunta ta taka kullum, ko daga ɗaki zuwa ƙofar gida ne.